Birkin baya da shok: me ya sa bayan keken dutse ke sandarewa a gangara?

Ɗan Malali

Assalamu alaikum, iyaye da yayyen wannan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka daɗe suna hawan keken dutse mai shok gaba da baya. Nawa ɗan kwatano ne, firam ɗinsa na alminiyam, shok ɗin baya kuma na iska. Muddin ban taɓa birki ba, yana haɗiye gargada yadda ya kamata. Amma da zarar na kama birkin baya a gangaren burji, musamman inda ruwan damina ya zaizaye hanya ya bar ƙananan tuddai a jere, sai bayan keken ya sandare, tayar ta riƙa tsalle tana jan ƙasa, fedoji suna dukan tafin ƙafata. Shin shok ɗin ne ya fara lalacewa, ko kuwa haka ƙirar take, wato birki yana da hannu a aikin shok? Idan ƙira ce, akwai gyaran da ake yi mata, ko sai dai mutum ya haƙura ya canza keke?

Malam Mai Gyara, Tudun Wada

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a ɗora wa ƙira laifi ko a wanke ta, sai mun san irin keken da muke magana a kansa. Ka durƙusa ka dubi bayan keken daga ɓangaren birki. Akwai sanda ta ƙasa wadda ta taso daga gindin feda zuwa aksil ɗin taya, akwai kuma ta sama wadda ta tashi daga aksil zuwa wajen shok. Ka gaya mana ko akwai gaɓa mai juyawa kusa da aksil, kuma idan akwai, a kan wace sanda take, sannan a jikin wace sanda aka ɗaure muƙamuƙin birki, wato abin da ke damƙe faifan taya. Ka kuma gaya mana yawan iskar da ke cikin tayarka da wanda ya yi maka bugun.

Malamar Kimiyya, Unguwar Rimi

Kafin ya dawo da amsa, ina ganin ya kamata a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko ba ruwansa da ƙirar shok, domin yana faruwa har a keken da ba shi da shok ko ɗaya. Duk abin da ke tafiya, idan aka rage masa gudu nauyinsa yana komawa gaba, kamar yadda fasinjojin bas ke rusunawa gaba idan direba ya taka birki. Yawan nauyin da ke barin tayar baya ya koma ta gaba ya dogara ne da jimillar nauyin mahayi da kekensa, da ƙarfin rage gudun, da tsayin cibiyar nauyi daga ƙasa, da kuma nisan da ke tsakanin tayoyin biyu.

A ce mahayi da keke kilo 90 ne, cibiyar nauyinsu tana santimita 110 daga ƙasa, tsakanin aksil da aksil kuma santimita 120, sannan ya kama birki biyu da ƙarfin da ya kai kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin da ƙasa ke janyo abu da shi, wanda birki ne matsakaici, ba na gaggawa ba. Kashi 30 na kilo 90 shi ne 27, idan aka ninka da 110 aka raba da 120 za a samu kusan kilo 25. Idan da ma tayar baya tana ɗauke da kilo 50, yanzu rabi ya rage mata. Wannan a shimfiɗaɗɗen wuri ke nan, a gangara kuwa abin ya fi haka, domin tun kafin a taɓa birki gangarar ta riga ta tura nauyi gaba.

Sakamakon haka shi ne, shok ɗin da aka daidaita domin ya nutse ƙarƙashin kilo 50 zai miƙe idan rabin nauyin ya bar shi, kuma idan ya miƙe har ya kusa ƙurewa, ba shi da sauran tsawon da zai tura taya cikin rami. Ita ma tayar da nauyinta ya ragu da rabi, riƙon da take yi wa ƙasa ya ragu da kusan rabi, saboda haka matsa birki kaɗan ya isa ya kulle ta.

Injiniyan Barnawa

Malama ta share fage, bari in ɗora abu na biyu, wanda shi ne ainihin tambayar ɗanmu na Malali. Amsar ita ce e, birkin baya yana da hannu a aikin shok, kuma yawan hannun ya bambanta daga ƙira zuwa ƙira.

Idan ba a kama birki ba, taya tana juyawa a kan boris ɗinta ba tare da ta murɗa komai ba, hannun lilon da ke riƙe da ita, wato sandunan bayan keke masu motsi, yana hawa yana sauka yadda hanya ta so. Da zarar takalman birki sun damƙi faifai, taya ta fara jan sandar da muƙamuƙin ke ɗaure a jikinta, tana so ta juya da ita. A lokaci guda ƙasa tana jan tayar baya a daidai inda roba ta taɓa ƙasa. A keke mai gaɓa ɗaya, wato wanda hannun lilonsa ke juyawa a kan babbar gaɓa guda, gaɓar tana gaba da wannan wuri kuma tana sama da shi, don haka ja zuwa baya da ake yi daga ƙasan gaɓar yana ɗaga hannun lilo sama, wato yana matse shok. To, kun ga ƙarfi biyu suna kokawa a kan shok ɗaya: komawar nauyi gaba tana so ta miƙar da shi, jan birki yana so ya matse shi. Masu zana keke suna auna wannan da ma'aunin hana-tashi, da kashi cikin ɗari. Idan ya zama 100, ƙarfin biyu sun yi canjaras, bayan keke ba ya tashi ba ya nutsewa. Idan ya zama sifili, birki bai hana komai ba, baya yana tashi gwargwadon nauyin da ya bar shi. Idan ya haura 100, bayan keke yana tsugunawa idan aka kama birkin baya.

Kowa zai iya kimanta na kekensa da hoton da aka ɗauka daidai daga gefe da kuma rula. A ja layi daga inda tayar baya ta taɓa ƙasa, ya ratsa ta tsakiyar babbar gaɓa, a ci gaba da shi har ya isa saitin aksil ɗin gaba, sannan a auna tsayinsa a can a gwada da tsayin cibiyar nauyi. A ce gaɓar tana santimita 46 gaba da inda taya ta taɓa ƙasa, tsayinta kuma santimita 42. Layin zai isa saitin tayar gaba, wato bayan santimita 120, yana da tsayin kusan santimita 110, daidai da cibiyar nauyin da Malama ta yi misali da ita. Wannan keken yana da hana-tashi kusan 100, kuma kekuna masu gaɓa ɗaya da yawa ba su yi nisa da wannan adadi ba.

Sai dai inda sandarewar take fitowa ya fi wannan ɗaukar hankali. Da waɗancan alƙaluma, idan taya tana kulle, duk santimita 10 da hannun lilo ya hau, guntun robar da ke taɓa ƙasa sai ya ja baya da kusan santimita 9 idan aka gwada shi da firam. Idan shok zai miƙe kuwa, dole wannan guntun roba ya matso gaba, alhali ƙasa tana jan sa baya. Saboda haka birki yana taimakon matsewa, yana kuma yi wa miƙewa tarnaƙi. Bayan taya ta hau tudu na farko, ba ta sauka cikin ramin da ke binsa da sauri ba, sai ta tsallake shi ta daki tudu na biyu alhali shok bai gama dawowa ba, kuma a can ciki shok ɗin iska ya fi tauri. Ƙari a kan haka, a kan burji riƙon taya yana kamawa yana saki sau da yawa cikin daƙiƙa guda, kuma kowane kamu da saki yana shiga shok ya fito a feda. Abin da kake ji a tafin ƙafarka ke nan.

Ɗan Kawo

Injiniya, idan matsalar murɗawar da birki ke yi wa sanda ce, ashe ba za a rage ta ba idan aka sa ƙaramin faifai, a ce na milimita 160 maimakon 180? Na kuma ji ana cewa idan aka ɗaure muƙamuƙin a ƙasan sanda maimakon samanta, jan yana canza alƙibla.

Injiniyan Barnawa

Ko ɗaya daga cikin biyun ba ya canza komai a wannan batu. Murɗawar tana fitowa ne daga jan da ƙasa ke yi wa taya da kuma girman tayar, ba daga faifai ba. Idan kana so ka rage gudu da wani ƙarfi, murɗawar da sandar za ta ɗauka ɗaya ce ko faifan 160 ne ko 203. Babban faifai yana sauƙaƙa wa yatsa ne, domin 203 ya fi 180 ƙarfin kamu da kusan kashi 13 cikin ɗari, kuma yana jure zafi a doguwar gangara. Haka nan wurin da muƙamuƙi ya zauna a kewayen faifai ba shi da tasiri muddin a jikin sanda ɗaya yake. Abin da ke da tasiri shi ne wace sanda ce ke ɗauke da shi, da kuma inda wannan sandar take juyawa.

Ɗan Kawo

To, idan haka ne, maganar ta ƙare a kan ƙirar Horst, domin an ƙirƙiro ta ne saboda wannan matsala. Horst Leitner, ɗan asalin Ostiriya da ya zauna a Amurka ya kafa kamfanin AMP Research, shi ya sa gaɓa a kan sandar ƙasa, gaba da aksil kaɗan, ta yadda aksil da muƙamuƙin birki suka koma jikin sandar sama. Kamfanin Specialized ya sayi haƙƙin ƙirar a 1998 yana sayar da ita da sunan FSR, kuma bayan wa'adin haƙƙin ya ƙare kamfanoni da dama sun rungume ta. Ita sandar sama ba ta juyawa a kan gaɓa guda, tana shawagi ne tsakanin sandar ƙasa da ɗan hannun da ke tura shok, don haka cibiyar juyinta tana inda layukan waɗannan biyun suka haɗu, kuma sau da yawa can gaba take. Idan na bi hanyar Injiniya, a ce cibiyar tana santimita 90 gaba, tsayinta 45, layin zai isa gaba da tsayin santimita 60 kacal, wato hana-tashi kusan 55. Trek ma sun bi wata hanya zuwa wuri guda a 2007 da ƙirarsu ta ABP, inda gaɓar ta kewaye aksil ɗin kansa, kuma Split Pivot ta Dave Weagle haka take. Ni a ganina duk wanda zai sayi keke domin gangara, ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan ya huta.

Baban Ummi, Kabala

Ɗana na Kawo, tarihin da ka kawo daidai ne, amma hukuncin da ka yanke ya yi gaggawa. Ka yi maganar tayar baya kaɗai ka manta cewa akwai mutum a kan keken, kuma gaban keken ma yana da shok.

Idan aka kama birki a gangara mai tsanani, fok, wato shok ɗin gaba, yana nutsewa. Idan a lokaci guda baya ya tashi saboda hana-tashinsa kaɗan ne, keken duka ya kifa gaba. A keke mai santimita 120 tsakanin tayoyi, duk santimita 2 na bambanci tsakanin gaba da baya yana miƙar da wuyan keke da kusan digiri ɗaya. Fok ya nutse santimita 6, baya ya tashi santimita 2, kun ga keken da aka zana da wuya mai digiri 65 ya haura 68, kuma a daidai lokacin da mahayi ya fi bukatar tayar gaba ta yi nisa da shi. Wanda ya taɓa sauka daga kan faifan dutse irin na wajen Kajuru, ko gefen Kufena a Zariya, ya san cewa abin tsoro a irin wannan wuri shi ne a wuntsila ta kan hannun keke, ba dukan feda ba. Keken da bayansa ke tsayawa ko ya ɗan tsuguna idan aka kama birki yana riƙe mahayi a tsakiyarsa.

Kuma ba ra'ayin tsofaffi ba ne kawai. Kekunan da aka ɗaga babbar gaɓarsu sama sosai, har sai an sa ƙaramin gare domin ya bi da sarƙa, suna cikin masu hana-tashi mafi yawa, amma su ne suka cika gasar gangara a shekarun nan. Amaury Pierron na Faransa ya lashe gasar kofin duniya ta gangara a 2018 a kan Commencal Supreme, wadda irin wannan ƙira ce. Da a ce yawan hana-tashi aibi ne tsantsa, da ba a ci gasa da shi ba.

Ɗan Kawo

Baba, na yarda da batun kifewa gaba. Amma waɗancan mahaya suna kama birki a taƙaice ne a wurin da suka zaɓa, su sake shi kafin gargada. Mu nan yawancin gangarenmu ba su da tsanani, dogaye ne masu tsakuwa da zaizaya, inda mutum ke riƙe da birki yana jan sa a hankali tun daga sama har ƙasa. A irin wannan hanya ai riƙon taya ya fi tsayuwar wuya muhimmanci.

Malamar Kimiyya, Unguwar Rimi

Kowannenku yana magana ne a kan hanyar da ya saba, kuma ƙira ba ta ba da ɗaya sai ta karɓi ɗaya. Amma ina so in rage wa alƙaluman nan kwarjini. Adadin hana-tashi ba tsayayye ba ne. Yana canzawa yayin da shok ke nutsewa, domin tsayin gaɓa daga ƙasa yana raguwa, kuma a ƙirori masu gajerun hannuwa biyu, irin VPP ta Santa Cruz da DW-link da Maestro ta Giant, cibiyar juyi tana tafiya sosai daga farkon nutsewa zuwa ƙarshensa. Yana kuma canzawa da mahayi. Keken da Injiniya ya lissafa ya samu 100, idan dogon mutum mai cibiyar nauyi santimita 125 ya hau shi zai koma 88, idan kuma mahayi ya sauke sirdi ya durƙusa har cibiyarsa ta sauko santimita 95, zai haura 115. Keke ɗaya ne, gaɓa ɗaya ce.

Abu na biyu, duk wannan lissafi na birkin baya ne kaɗai. Idan birkin gaba ne ke aiki, tayar baya tana juyawa a sake, ba abin da ke matse shok, baya zai tashi ko wace ƙira ce. Tunda a tsayawa mai ƙarfi birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin, bambancin da ke tsakanin ƙirori ya fi ƙanƙanta a kan hanya fiye da yadda yake a takarda.

Malam Mai Gyara, Tudun Wada

Malamai sun yi bayanin takarda, ni bari in faɗi abin da ke zuwa hannuna. Mafi yawan kekunan da ake kawo mini da wannan kuka, ƙirarsu ce abu na ƙarshe da nake zargi.

Ana kai taya wurin mai faci ya buga mata iska yadda yake buga wa keken kasuwa, har ta kai fam 50 (psi) ko fiye. Faffaɗar tayar keken dutse ba ta son haka. Mai nauyi matsakaici, idan da tub a ciki, fam 28 zuwa 32 ya ishe shi a baya, idan kuma marar tub ce yana iya sauka ƙasa da haka. Taya mai tauri tana tsalle a kan burji da zarar an taɓa birki, ko da shok ɗin sabo ne fil.

Sannan nutsewar zama. Mahayi ya hau ya tsaya yadda yake tsayawa a gangara, a duba zoben robar da ke jikin shok. A baya ana neman kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tsawon tafiyar shok, wato a shok mai tafiyar milimita 55, kusan milimita 14 zuwa 16. Idan iska ta yi yawa har nutsewar ta zama kaɗan, abin da Malama ta faɗa shi zai faru, nauyi na barin baya shok zai ƙure. Wannan aiki sai da famfon shok, domin iskar da ke ciki takan haura fam 150, famfon taya ba ya yi. Maɓallin saurin dawowa ma a duba shi, wanda galibi ja ne. Idan an rufe shi da yawa, shok ba ya gama miƙewa kafin tudu na gaba, sai ya riƙa shigewa ciki yana taurara, kuma wannan yana haɗuwa da tarnaƙin birki ya ninka matsalar. A fok kuma, idan yana da maɓallin hana saurin nutsewa, ƙara shi kaɗan yana rage kifewar da Baban Ummi ya ambata.

Abin da ya fi cin kekuna a garin nan shi ne ƙurar hunturu da lakar damina a cikin boris ɗin gaɓoɓi. Boris ɗin gaɓa ba ya zagayawa, ɗan motsi yake yi gaba da baya a wuri ɗaya, don haka yana cin rami ya cije. Idan ba a kama birki ba mutum ba zai lura ba, amma birki yana gefe ɗaya ne na taya, yana murɗa hannun lilo zuwa hagu, sai boris mai cijewa ya ƙara cijewa. A saki iskar shok duka, a cire shi, a ɗaga hannun lilo da hannu. Ya kamata ya hau ya sauka sumul. Ban kuma sa kekunan kasuwa masu sifirin kawai ba tare da mai a ciki ba a wannan lissafi, domin su ba abin da ke rage musu tsalle, da birki ko ba birki.

Ɗan Malali

Na gode ƙwarai, Malam, na duba yadda ka ce. Akwai gaɓa kusa da aksil, amma a kan sandar sama take, bisa aksil, shi kuma aksil da muƙamuƙin birki suna jikin sandar ƙasa. Tayar baya tana da fam 48. Da na cire shok, hannun lilo yana hawa da ƙyar-ƙyar a wuri guda.

Malam Mai Gyara, Tudun Wada

Kekenka mai gaɓa ɗaya ne ta fuskar birki, duk da cewa yana da sanduna huɗu a ido, domin gaɓar da ke sandar sama shok kawai take turawa. Rage iskar taya, ka canza boris. Lambarsa tana rubuce a jikin robar da ta rufe shi, da yawa 6902 ne, mai rami milimita 15 da faɗi 28 da kauri 7, amma ka karanta naka kada ka saya da ka. Idan ka samu irin wanda aka cika da ƙwallaye ba tare da keji ba, shi aka yi domin gaɓa.

Mai Walda na Panteka

Ina bin maganar tun farko, kuma akwai abin da ya tsaya mini. A yawancin baburan acaɓa masu birkin ganga, akwai wata sanda da ke riƙe marfin birki ta ɗaure shi a jikin hannun lilo, wato daidai da keke mai gaɓa ɗaya. Idan aka tsawaita wannan sanda aka ɗaure ta a jikin firam, birki ya daina murɗa hannun lilo. Injiniya, me zai hana a yi wa keken yaron nan irin wannan? Farantin da zai riƙe muƙamuƙi ya juya a kan aksil, da sanda mai ido biyu, ba abin da zai gagare mu a nan.

Injiniyan Barnawa

Alhaji, tunaninka ya hau kan hanyar da aka taɓa bi. Baburan tsere na daji sun yi amfani da wannan tun zamanin birkin ganga, kuma a kekunan gangara na shekarun 2000 kamfanin Kona ya sa irin wannan hannu mai shawagi a wasu kekunansa. Idan sandar ta tafi daidai da hannun lilo kuma tsawonsu ɗaya, farantin ba ya juyawa yayin da taya ke hawa da sauka, sai hana-tashi ya faɗi ƙwarai. Idan aka canza inda ta ɗauru a firam, ana iya rage adadin ko a ƙara shi yadda ake so. Abin da ya sa ta yi ƙaranci yanzu shi ne ƙarin nauyi, da ƙarin gaɓoɓi masu sakin jiki suna ƙara, da kuma cewa masu zane sun koyi samun adadin da suke so daga ƙirar kanta.

Inda nake jan hankalinka shi ne firam. Yawancin firam ɗin alminiyam na keke daga nau'in 6061 ne, wanda ƙarfinsa ya dogara da gashin da aka yi masa a tanderu bayan walda. Idan aka sake yi masa walda, kewayen wurin yana rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa har sai an maimaita wancan gashi ga firam ɗin duka, ga shi kuma bututun siriri ne ƙwarai a tsakiya. Ban yarda a kai wuta jikin keken yaron nan ba.

Mai Walda na Panteka

Na ji, ba za a taɓa alminiyam ba. Akwai wani tsohon firam na ƙarfe mai gaɓa ɗaya a shago, a kansa zan gwada. Wane irin nauyi sandar za ta ɗauka, domin in san kaurin da zan nema?

Injiniyan Barnawa

Ɗauki jan ƙasa na kilo 30 a kan tayar inci 29, wadda tsakanin aksil ɗinta da ƙasa kusan santimita 37 ne. Idan sandar ta kama farantin a santimita 10 daga aksil, za ta ɗauki kusan kilo 111, kuma idan taya ta sauko daga tsalle a kulle, adadin yana ninkawa na ɗan lokaci, don haka a yi lissafi da ninki uku ko huɗu. Idan ka ɗaure ta bisa aksil, birki turawa zai yi mata, sanda siririya kuma lanƙwasa take yi idan aka tura ta, saboda haka ka nemi bututu mai faɗi maimakon rodi. Idan ƙarƙashin aksil take, ja zai yi mata, wanda ya fi sauƙi, sai dai tana kusa da duwatsu. Ka tuna kuma cewa ƙarfin yana juyawa idan mutum ya tsaya a hawa ya riƙe birki keken na neman komawa baya, don haka idanun biyu su kasance masu bushin da ba ya wasa ta kowane ɓangare. Farantin kuma dole ya juya a kan boris nasa ba tare da ya karkata ba, in ba haka ba takalman birki za su riƙa gugar faifai, kuma kaurinsa zai ci wuri a aksil, wanda sai an rage daga wani abin kafin taya ta zauna a tsakiya.